Nauyi da Gurbi: Yadda Za Ka Koyar da Densiti da Gauraye a Ƙaramar Sakandare

Ka tambayi 'yan ƙaramar sakandare me ya sa dutse ke nutsewa a ruwa, kafin ka rufe baki za su amsa da murya ɗaya: "Saboda yana da nauyi, Malam." Ka ce to gungumen iccen da ƙarti huɗu ba sa iya ɗagawa fa, me ya sa yake tasowa, ga allura kuma tana zarcewa ƙasa? Sai aji ya yi tsit. Wannan shirun shi ne jarinka. Idan ka yi saurin cike shi da lissafin da ke cikin littafi, yara za su haddace "a raba nauyi da girma", su ci jarrabawa da shi, amma can cikin ransu suna nan a kan bakansu cewa mai nauyi ne ke nutsewa. Tsarin da zan kawo a nan yana jinkirta lissafin har sai idon yaro da hannunsa sun ƙaryata abin da ya zo da shi daga gida. Yakan ci mini darasi huɗu zuwa biyar.

Kayan da za ka tanada

Sikelin da ke auna giram ɗaya-ɗaya shi ne abin da ba makawa sai da shi. Sauran duk ana iya dabara. In babu silindar awo, sirinji babba mai millilita 20 ko 50, wanda ba allura a bakinsa, ya ma fi ta daidai wajen ɗiban ruwa. Ka nemi kofunan roba masu nuna abin da ke ciki, bokiti, gishiri, sukari, man girki, zuma kaɗan, ɗanyen ƙwai, kyandir, ƙusoshi, tsakuwa, yashi, dusar katako, garin ƙarfe, maganaɗisu, takardar tacewa ko ƙyalle mai tsabta, da kalar abinci iri huɗu. Ka raba aji rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar. In sun wuce haka, biyu ne za su yi aiki, saura su zama 'yan kallo.

Doka uku tun ranar farko: ba a ɗanɗana komai ko da zuma ce, wanda ya taɓa ɗanyen ƙwai ya wanke hannu, kuma ba a zuba mai a magudanar ruwa.

Mataki na farko: a bar su su yi kuskure a rubuce

Ka jera abubuwa bakwai ko takwas a kan tebur, ka zaɓe su da gangan don su yaudari ido: katon kyandir, ƙaramar ƙusa, guntun katako mai nauyi, tsakuwa 'yar mitsitsiya, murfin kwalba na roba, lemo da ɓawonsa, da wani lemon da aka ɓare. Kowane yaro ya rubuta a littafinsa wanne zai taso, wanne zai nutse, da dalili. Rubutun nan wajibi ne. In ba a rubuta ba, da zarar abu ya nutse kowa zai ce ai dama ya sani.

Sannan a jefa su ɗaya bayan ɗaya. Ka bar lemo na ƙarshe. Mai ɓawo zai taso, wanda aka ɓare kuwa galibi ya nutse, alhali an rage masa nauyi ne. A nan ake samun hayaniyar da nake so. Wata yarinya ta taɓa ce mini, "Malam, ai ɓawon rigar ceto ce aka cire masa." Ban gyara mata ko kalma ɗaya ba, domin ɓawon cike yake da ƙananan ramukan iska, yana ƙara wa lemon girma sosai, nauyin da yake ƙara masa kuwa kaɗan ne.

Kada ka yi bayani tukuna. Ka ɗauko kyandir ɗin nan ka tambaya: in na yanka shi gida biyu, rabin zai taso ko zai nutse? In na yanko ɗan ƙwarya-ƙwaryar yanki fa? A gwada. Kowane yanki yana tasowa. Ka rubuta a allo abin da aka gani kawai: girman kyandir bai sauya halinsa a ruwa ba.

Mataki na biyu: ba wa abin suna

Littattafai suna kiransa densiti, kuma gara yara su san kalmar don ita za su tarar a jarrabawa. Ma'anarta da Hausa ita ce cunkoso: yawan nauyin da aka danƙara a cikin gurbi mai girma kaza. Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce in zana murabba'i biyu masu girma ɗaya a ƙasa da alli, in tsayar da yara uku a ɗaya, tara a ɗayan. Fili ɗaya ne, cunkoso ya bambanta. Daga nan in ɗauko kofuna biyu iri ɗaya, ɗaya cike da yashi, ɗaya cike da dusar katako, su ɗaga su ji da hannunsu.

Ka kula da wani tarko da harshenmu kan ɗana. Yara da yawa, har da wasu malamai, sukan fassara densiti da "kauri". Kauri wani abu ne daban, shi ne wuyar zuba. Man girki ya fi ruwa kauri, amma a saman ruwa yake kwanciya. Zuma ce ke ruɗar da mutane domin ta haɗa biyun, ga kauri ga cunkoso. Ka kashe wannan ruɗanin tun da wuri, in ba haka ba zai dawo maka a mataki na huɗu.

Akwai kuma bambancin da masana ke yi tsakanin yawan abin da ke jikin abu da ƙarfin da ƙasa ke janyo shi da shi. A wannan aji ya isa ka ce "nauyi" na nufin abin da sikeli ya nuna da giram, ka faɗa musu cewa a gaba za a rarrabe musu.

Mataki na uku: awo da lissafi

Yanzu lissafin ya samu wurin zama. A fara da ruwa. A ɗora kofi a kan sikeli a mayar da shi sifili, a zuba ruwa millilita 50 da sirinji. Sikeli zai nuna kusan giram 50. A ƙara zuwa millilita 100, ya nuna kusan giram 100. Ka bar su su gano da kansu cewa kowace millilita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce. Wannan ba dace ba ne: a kan ruwa aka gina giram tun asali, lokacin da Faransa ta kafa tsarin awon mita a shekarun 1790. Ka nuna musu kuma cewa millilita ɗaya daidai take da ɗan akwatin da kowane gefensa santimita ɗaya ne.

A maimaita da sauran. Millilita 50 na man girki zai ba da wajen giram 46, wato 0.92 a kowace millilita. Zuma za ta ba da wajen giram 70, wato 1.4. Kowane rukuni ya rubuta sakamakonsa a allo. Ba za su zo ɗaya ba, kuma wannan alheri ne. In rukuni biyar sun samu 0.91 zuwa 0.93, na shida ya samu 1.3, kada ka ce sun yi kuskure. Ka tambayi aji me zai iya jawo haka. Kusan kullum amsar ita ce an manta cire nauyin kofi.

Abu mai tauri wanda ba shi da siffa ta kirki, kamar tsakuwa, da ruwa ake auna gurbinsa. A zuba ruwa a silinda zuwa 50, a karkata ta a sulala tsakuwar a hankali, a karanta inda ruwa ya kai. In ya kai 62, gurbin tsakuwar millilita 12 ne. In nauyinta giram 31 ne, densitinta kusan 2.6. Ka koya musu su sunkuya idonsu ya daidaita da saman ruwan, su karanta daga ƙasan lanƙwasar da ruwa ke yi a jikin silinda. Ƙusa ɗaya ba ta ɗaga ruwa yadda za a gani, don haka a haɗa goma a auna tare, kuma wannan ma ya sake tabbatar da darasin kyandir.

Sai ka ba su jadawalin da za su gwama nasu da shi, duk giram a kowace millilita: ƙanƙara 0.92, ruwa 1.0, alminiyum 2.7, ƙarfe 7.9, jan ƙarfe 8.96, dalma 11.3, zaiba 13.6, zinariya 19.3. Zaiba a takarda kawai, guba ce, ba a kawo ta aji. Yara na son jin cewa dunƙulen ƙarfe zai yi yawo a samanta, zinariya kuwa ta nutse.

A nan ne labarin Arkimidis ke da daɗi, masanin birnin Sirakusa da ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa. An ruwaito cewa Sarki Hiyero ya zargi maƙerinsa da gauraya azurfa a cikin kambin zinariya, Arkimidis kuma ya gano hanyar bincike yana cikin wanka da ya ga ruwa na tumbatsa. Ka faɗa musu gaskiya cewa bayan wajen ƙarni biyu aka rubuta labarin, a matsayin ruwaya za a ɗauke shi. Hikimar dai tana nan: azurfa 10.5 ce, don haka kambin da aka yi wa algus zai ci gurbi fiye da zinariya tsantsa mai nauyi ɗaya da shi. Ka ƙara musu da masanin nan Musulmi Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya ƙera wani mazubi mai bututu a gefe yana tarar ruwan da abu ya ture, ya auna ƙarafa da duwatsu masu daraja har alƙalumansa suka zo kusa da namu na yau. Labarin kambi kuma shi ne gadar da za ka bi zuwa gauraye, tun da zinariyar da aka haɗa da azurfa gauraye ce.

Mataki na huɗu: abin da gauraye ke yi wa densiti

Wannan ne zuciyar al'amarin, kada ka yi gaggawa a kansa.

Ka fara da tambayar da ke raba aji gida biyu: in na zuba gishiri giram 20 a ruwa giram 100 ya narke ƙurmus har ba a ganinsa, nawa sikeli zai nuna? Za ka sha mamakin yawan masu cewa 100, domin a wurinsu abin da ya narke ya ɓace. A auna. Giram 120 ne cif. Sannan a juye a silinda: zai tsaya wajen millilita 107. Nauyi ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, gurbi ya ƙaru da kashi 7 kacal. A raba 120 da 107, a samu kusan 1.12. Da hannunsu suka ƙera ruwan da ya fi ruwa cunkoso, kuma sun ga dalili a lamba.

Yanzu ƙwai. Sabon ƙwai ya ɗan fi ruwa cunkoso, shi ya sa yake kwanciya a gindin kofi. Ka ba kowane rukuni ruwa millilita 200 da ƙwai, su riƙa ƙara gishiri giram 5-5 suna juyawa har ya narke, suna rubutawa. Wajen giram 25 zuwa 40 ƙwan zai fara ɗaga kai, ya yi rangaji, ya taso. Tambayar da za ka yi a daidai wannan lokacin ita ce: me ya sauya, ƙwai ko ruwa? Rukunin da ya gama da wuri ka ba shi aikin tsayar da ƙwan a tsakiyar kofi, ba sama ba ƙasa, ta hanyar tsiyaya ruwa zalla a hankali a kan ruwan gishirin. Ka gwada ƙwanka kafin ka shigo aji. Na taɓa shiga da tsohon ƙwai, ya taso tun ba a zuba gishiri ba, domin ramin iskar da ke cikin ƙwai yana faɗaɗa yayin da yake daɗewa. Yara sun yi dariyar da ta ishe su, ni kuma dole na mayar da abin kunyar darasi.

In suka ci gaba da zuba gishiri za su kai inda ya ƙi narkewa komai juyi. Ruwa giram 100 a zafin ɗaki yana ɗaukar gishiri wajen giram 36 ne kawai, densitinsa ya tsaya kusan 1.2. Sukari kuwa ruwa ɗaya ɗin zai shanye wajen giram 200. Ruwan teku kusan 1.025 ne, Tekun Gishiri da ke tsakanin Jodan da Falasɗinu kuma wajen 1.24, shi ya sa mutum ke kwanciya a samansa kamar a kan katifa.

Bayan haka a gina hasumiya. Kofuna huɗu da ruwa daidai wa daida: na farko ba sukari, na biyu cokali biyu, na uku huɗu, na huɗu shida, kowanne da kalarsa. A fara zuba mafi sukari a doguwar kwalba, a bi da na gaba ta jikin kwalbar da sirinji, ɗigo-ɗigo. Mai garaje zai tashi da ruwa mai launin kwata, ya sake daga farko. A gefe guda a haɗa ruwa da man girki a wata kwalba mai murfi.

Sannan a girgiza kwalaben biyu. Ta sukari ta hautsine har abada, ta mai kuwa bayan 'yan mintoci ta koma yadda take. Wannan bambancin ne nake ganin littattafai da yawa suna tsallakewa. Tambayoyi biyu ne daban: wa zai hau kan wa, densiti ke yanke wannan; za su gauraya ko ba za su gauraya ba, wannan kuma yanayin ƙwayoyin sinadaran ne. Yaro da yawa zai ce mai ba ya haɗuwa da ruwa "saboda ya fi shi sauƙi". Maganin wannan shi ne sinadarin etanol, wato barasa tsantsa: densitinsa 0.79, ya fi mai sauƙi nesa, amma yana gaurayuwa da ruwa sarai. In kana da shi, kai da kanka za ka yi wannan gwajin, nesa da wuta. Ka haɗa millilita 50 nasa da 50 na ruwa, za ka samu wajen 96, ba 100 ba. Don a hango yadda hakan ke yiwuwa, ka zuba kofin yashi a kan kofin tsakuwa su ga bai cika kofi biyu ba, tare da gargaɗin cewa misali ne kawai, ƙwayoyin ruwa da na etanol har janyo juna suke yi.

Rabe-raben gauraye ba sa buƙatar dogon lokaci. Kofi uku sun wadatar: ruwan gishiri, ruwan da aka kaɗa da ƙasa, da ruwan da aka ɗiga wa madara kaɗan. A ajiye su minti goma. Na ƙasa zai kwanta. Na gishiri garau yake, ba ya kwanciya kuma mataci ba ya riƙe komai daga cikinsa. Na madara yana tsakani: bai kwanta ba, amma in ka haska tocila ta gefe a wuri mai duhu za ka ga hanyar hasken a cikinsa, abin da ba za ka gani a ruwan gishiri ba. Ka tuna musu cewa iskar da suke shaƙa ma gauraye ce, naitirojin kashi 78, iskar oksijin kashi 21.

Mataki na biyar: a raba abin da aka haɗa

Ka ba kowane rukuni kofi ɗauke da yashi giram 20, gishiri giram 10, garin ƙarfe giram 5 da ɗan dusar katako, duk a cakuɗe. Kada ka ba su kayan aiki sai sun kawo maka tsari a rubuce: me za su fara cirewa, da me, kuma wane hali na abin suka dogara da shi. Tsarin da ya fi shi ne maganaɗisu tukuna, tun komai na bushe, a sa shi cikin leda don garin ƙarfe ya saki da zarar an zare shi. Sannan ruwa: dusar katako ta taso a kwashe ta nan take kafin ta jiƙa ta nutse, gishiri ya narke, yashi ya kwanta. A tace, a shanya yashin, a zuba ruwan gishirin a faranti mai faɗi a bar shi ya ƙafe, ko malam ya ɗora shi a wuta.

In wani rukuni ya dage sai ya fara da ruwa, ka ƙyale shi. Za su yi fama da jiƙaƙƙen garin ƙarfe manne da yashi, washegari su tarar ya fara tsatsa, kuma ba za su sake mantawa ba. A ƙarshe a auna abin da kowa ya ceto. Ba wanda zai dawo da giram 10 na gishiri cif. Tambayar ina saura ya maƙale, a takardar tacewa ne ko a jikin yashi, ta fi lambar da suka samu amfani.

Yadda za ka gane sun fahimta

Tambayar "mene ne densiti" hadda kawai take aunawa. Ka ba su irin waɗannan: an raba sandar ƙarfe gida uku, me ya faru da densitin kowane yanki? Wani abu nauyinsa giram 45, gurbinsa millilita 50, zai taso a ruwa? A etanol fa? Amsar ita ce 0.9, ya taso a ruwa ya nutse a etanol, kuma wanda ya samu duka biyun ya gane cewa tasowa magana ce ta gwama abu da ruwan da aka sa shi.

Ta ƙarshe ita ce wadda wani yaro zai riga ka yi tun ranar farko: in ƙarfe 7.9 ne, yaya jirgin ruwa ke yawo? Ka riƙe ta sai yanzu. Ka ba su dunƙulen yumɓun wasa su jefa a bokiti ya nutse, su ciro shi su mayar da shi kwale-kwale mai zurfin ciki, ya taso. Nauyi bai sauya ba, gurbin da yake ci a ruwa ne ya ƙaru da iskar da ya rungumo. Su riƙa loda masa ƙusoshi suna ƙirgawa har ya nutse, su sake gwadawa a ruwan gishirin da ya rage daga gwajin ƙwai, su ga ya ɗauki ƙari. Saboda wannan bambancin ne alamar lodi da ake zanawa a jikin manyan jiragen ruwa, wadda dokar Ingila ta wajabta tun 1876 bayan fafutukar ɗan majalisa Samuel Plimsoll, take da layuka fiye da ɗaya a yau: akwai na ruwan daɗi, akwai na teku, akwai na lokacin zafi da na hunturu. Ka zana musu alamar a allo ba tare da rubuta sunayen layukan ba, ka ce su nuna maka wanne ne na ruwan daɗi, su kuma kare amsarsu da lambobin da ke cikin littattafansu.